Tashar Cajin Mota Mai Sauri: Abubuwan Da Masu Motocin Lantarki Ke Dubawa Kafin Su Yaba



Duk wanda ya taɓa kai wayarsa wurin mai caji a unguwar Nasarawa, nan cikin Birnin Kebbi, ya san yadda ake gane shagon kirki. Babu ruwanka da fentin shagon ko yawan soket ɗin da aka jera a jikin katako. Abin da ke ranka shi ne: in na dawo bayan La'asar zan tarar da wayata a cike? Yana da cajar da ta dace da bakin wayata? Janaretansa ba ya mutuwa? Nawa zai karɓa? Idan sau biyu ka dawo ka tarar da wayar a kashi 30, ba za ka koma na uku ba ko da kyauta ne.

Da irin wannan idon masu motocin lantarki ke kallon kowace sabuwar tashar caji mai sauri. Ranar buɗewa ana yanke kyalle, a ɗauki hotuna, a rubuta wata babbar lamba a allo. Shi kuwa mai mota hukuncinsa sai bayan wata uku, ranar da ya iso da batir kashi 8 da tsakar rana.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, maganar motar lantarki ta bar bakin 'yan boko ta shigo majalisa. Bidiyoyinta sun cika TikTok da Facebook, musamman bayan da kamfanin BYD na ƙasar Sin ya sanar a watan Maris na 2025 cewa ya ƙera cajar da ke ba mota wutar tafiyar kilomita 400 cikin minti 5. Wani yayanka na iya tunanin sayen irin motar. Wani abokinka na iya tunanin buɗe wurin caji a matsayin sana'a. Dukansu maganar miliyoyin naira ce, don haka yau za mu warware yadda abin yake aiki, da abin da waɗanda suka riga mu shiga harkar ke yabawa ko kuka da shi.

Mene ne caji mai sauri?

Kalmomi biyu za ka riƙe. Na farko kilowat, wato ƙarfin da wuta ke zuba da shi. Wat 1,000 ne kilowat 1. Cajar wayarka mai wat 18 ko 33 ko 45 da wannan ma'aunin ake auna ta. Na biyu yunit, wato yawan wutar da ta taru. Shi ne dai yunit ɗin da ake saya a mitar gida. Caja mai kilowat 1 in ta yi awa ɗaya tana aiki, ta zuba yunit 1.

Batirin waya mai mAh 5,000, irin na yawancin Tecno da Infinix, yunit ɗaya zai cika shi kusan sau 50. Batirin Hyundai Kona mai lantarki, wadda kamfanin Stallion ya haɗa a Legas aka ƙaddamar a watan Nuwamba na 2020, yana ɗaukar yunit 64. Ka ga mota ɗaya ta kai wayoyi sama da 3,000.

Wutar NEPA da ke zuwa gidajenmu nau'in AC ce, batir kuma DC kawai yake sha. Kan cajar wayarka, wannan ɗan dunƙulen da ke ɗaukar zafi, shi ke juya AC ta koma DC. Motar lantarki ma tana da irinsa a cikinta, amma ƙarami ne, yawanci kilowat 7 zuwa 11, domin babba zai yi nauyi kuma zai ci wuri. Dabarar tasha mai sauri ita ce a fito da wannan na'urar waje, a yi ta ƙatuwa kamar firji, ta juya wutar da kanta ta zuba DC kai tsaye cikin batirin mota.

Ga yadda bambancin yake a jikin Kona:

- Soket ɗin gida, kilowat 2 da ɗoriya: kusan awa 30 kafin ta cika.
- Cajar bango mai kilowat 7: kusan awa 9 da rabi, wato daren gida ɗaya.
- Caja mai sauri mai kilowat 50: kusan minti 75 zuwa kashi 80.
- Caja mai kilowat 100: kusan minti 54 zuwa kashi 80.

A yawancin ƙasashe daga kilowat 50 ake fara kiran caja mai sauri. Na Tesla da suka fi yawa suna kaiwa 250. Waccan ta BYD kuwa tana kaiwa 1,000.

Darasin tashar Sakkwato

Ba sai mun je nesa ba. A watan Afrilu na 2021 hukumar NADDC, mai kula da ƙera motoci a Najeriya, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana zalla a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Daga baya ta yi irinta a Jami'ar Legas da ta Nsukka. Shugaban hukumar a lokacin shi ne Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato da ya zana fasalin motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka. Abin da matasa da yawa ba su sani ba, a kwalejin kimiyya da fasaha ta nan Birnin Kebbi ya karanci zanen gine-gine kafin ya tafi Amurka.

Bisa bayanin hukumar, tashar na da faifan sola 60, da inbata uku da suka haɗu suka ba da kVA 15, da batura 36 da ke ajiye wuta har yunit 95. Yanzu auna wannan da lissafinmu na sama. Ƙarfin kVA 15 bai wuce kilowat 15 ba, bai kai sulusin mafi ƙanƙantar caja mai sauri ba. Yunit 95 kuma Kona ɗaya da rabi ne. Ba laifin tashar ba ne, an gina ta ne don gwaji da koyar da ɗalibai, kuma ta nuna cewa ranar da ke ƙona mu tana iya tuƙa mota. Amma ta nuna wani abu kuma: idan faifan sola 60 abin da suke iya yi ke nan, to tasha mai sauri ta gaske ba aikin wasa ba ce. Za mu dawo kan wannan.

Ƙorafi na farko: na zo, ba ta aiki

Babu abin da ya fi ƙona ran mai motar lantarki kamar ya iso tasha da batir a ƙasa, cajar ta ƙi tashi. Kuma wannan ba matsalar ƙasashe irin namu kaɗai ba ce. A 2022 masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun bi tashoshi 181 a yankin San Francisco, suka gwada bakunan caji mai sauri 657 ɗaya bayan ɗaya. Kashi 72.5 cikin ɗari ne kawai suka yi aiki. Sauran ko allon ya mutu, ko biyan kuɗi ya ƙi, ko cajar ta kasa haɗuwa da intanet, ko bakin ya karye, wasu ma igiyar ce ta gaza kaiwa jikin mota. A 2023 kamfanin J.D. Power ya tambayi masu motocin lantarki a Amurka, ya samu cewa ɗaya cikin biyar ya je tasha ya dawo bai yi caji ba.

Lura da cewa yawancin waɗannan matsaloli ba na rashin wuta ba ne. Na manhaja ne da sadarwa. A matsayina na mai rubuta manhaja, nan ne abin ya fi ɗaukar hankalina. Idan ka soka bakin caja a mota, wuta ba ta zuba nan take. Sai motar da cajar sun gaisa tukuna. Motar ta faɗi ƙarfin da batirinta ke iya ɗauka, da zafinsa, da kashin da yake. Cajar ta gwada igiya ta tabbatar babu inda wuta ke yoyo. Sannan ta tuntuɓi kwamfutar kamfani ta intanet ta tambaya ko an biya kuɗi. Duk inda magana ta katse a wannan jerin, wuta ba za ta fito ba, ko da taransifoma na cike da ita.

Mu da muka saba tsayawa gaban mai POS muna jin "babu sabis", ko a cire kuɗi a asusunka bai shiga na mai shago ba, mun san wannan ciwon. Bambancin shi ne a gidan mai kana iya ba da tsabar kuɗi a zuba maka. Cajar da aka tsara ba ta tashi sai da manhajar waya da data, ranar da sabis ya ɗauke ta zama gunki.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka mai da abin doka. A Birtaniya, daga watan Nuwamba na 2024, dole cajoji masu sauri na kowane kamfani su kasance suna aiki kashi 99 cikin ɗari na lokaci, kuma su karɓi katin banki ba tare da tilasta wa mutum sauke wata manhaja ba. A Amurka tashoshin da gwamnatin tarayya ta ba kuɗi an gindaya musu kashi 97. In ka lissafa, kashi 99 na nufin kada lalacewa ta wuce kwana huɗu a shekara, kashi 97 kuma kusan kwana 11.

Ƙorafi na biyu: bakin bai shiga ba

Ka tuna lokacin da kowace waya da irin cajarta: ƙaramin fil na Nokia daban, na Samsung daban, na iPhone daban, kafin USB-C ya zo ya haɗa kan kowa? Motocin lantarki har yanzu suna wancan zamanin. Akwai manyan bakuna biyar na caji mai sauri:

- CCS2, na Turai da ƙasashe da dama.
- CCS1, na yawancin motocin Amurka da ba Tesla ba.
- NACS, na Tesla a Amurka, wanda sauran kamfanonin can suka fara komawa kansa.
- GB/T, na motocin da aka ƙera don kasuwar cikin ƙasar Sin.
- CHAdeMO, na Japan, irin na tsofaffin Nissan Leaf.

Wannan ya fi shafar mu fiye da Turawa, saboda motocinmu daga ko'ina suke zuwa. Wata ta hannu ce daga Amurka ta biyo ta Kwatano, wata sabuwa ce fil daga Sin, wata daga Turai. Motoci uku a layi ɗaya, bakuna uku daban. Akwai mahaɗin da ake saya ya juya wani baki zuwa wani, amma na caji mai sauri yana da tsada, kuma ba kullum yake yi ba, domin ba siffar baki kaɗai ta bambanta ba, har yaren da motar da cajar ke gaisawa da shi. Don haka tambayar farko ga mai sayar da mota ita ce wane baki gare ta, ga mai tasha kuma waɗanne bakuna ya sa.

Ƙorafi na uku: an rubuta 150, ni 60 nake gani

Wannan ya fi yawa a bakin sababbin shiga. Lambar da ke jikin caja iyakar abin da take iya bayarwa ce. Motar ce ke yanke nawa za ta karɓa. Kona ba ta wuce kilowat 77 ko kusa da haka, ko ka kai ta cajar 350. Daidai yake da ka soka ƙaramar itel a cajar wat 120, abin da ta saba sha shi za ta sha. Ban da haka, cajoji da yawa masu igiya biyu raba ƙarfin suke yi idan mota ta biyu ta zo.

Sannan saurin ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe. Duk wanda ya taɓa cika buhun shinkafa a fadamar Argungu ya san da farko zubawa kawai ake yi, amma in ya kusa baki sai an jijjiga, a danna, a ƙara kaɗan-kaɗan. Batir ma haka yake. Daga kashi 10 zuwa wajen 50 yana sha da ƙarfi, daga nan ya fara ja baya, in ya wuce 80 sai ya koma tafiyar hawainiya don kada ya lalace. A motoci da yawa, daga 80 zuwa 100 yana cin lokacin da ya kusa na 10 zuwa 80. Wayarka ma haka take yi, in ka lura. Shi ya sa tsofaffin hannu ke cire mota a kashi 80 su kama hanya, kuma suke jin haushin wanda ya kafe sai ya ga 100 alhali mutane na jira.

Ƙorafi na huɗu: zafi

Wannan namu ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Birnin Kebbi da Argungu yana haura digiri 40. Batirin lithium ya fi son yanayi tsakanin digiri 20 da 35, caji mai sauri kuma shi kansa zafi yake haifarwa. Motar da ta taso daga Sakkwato da azahar, batirinta ya riga ya ɗau zafi, in aka soka ta a caja kwamfutar cikinta za ta rage saurin da kanta. Ka taɓa ganin wayarka ta rubuta cewa ta dakatar da caji saboda zafi? Shi ne dai.

Motoci sun bambanta a nan. Yawancin na yanzu, har da Kona, suna da ruwan sanyi da ke zagaya batir. Nissan Leaf da ake samu ta hannu ba ta da shi, kuma masu samfurin 2018 a Turai sun yi ta ƙorafin cewa in suka yi caji mai sauri sau biyu ko uku a tafiya ɗaya, saurin yakan faɗi ƙasa sosai. Abin da ya faru a sanyin Turai ke nan, ina ga bazarar Kebbi. Akwai kuma nau'in batir da ake kira LFP, wanda BYD ke yawan amfani da shi, ya fi jure zafi da yawan cikawa.

Ita ma cajar tana jin jiki. Tana da fankoki da matatar iska, in ƙurar hunturu ta toshe su sai ta rage ƙarfi ko ta kashe kanta. Tashar da aka kafa a fili babu rumfa, babu mai share matata, ba za ta ga damina biyu da lafiya ba.

Ƙorafi na biyar: ina arahar da aka ce?

Mu yi lissafi da tafiyar da muka sani. Daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ta Argungu kusan kilomita 150 ne. Mota irin Kona, da na'urar sanyaya ciki a kunne, za ta ci wajen yunit 25. Motar fetur mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta ci lita 12.

A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya ya koma wajen 209. A wannan farashin, in a gida ka yi caji, tafiyar za ta ci maka naira 5,200 da 'yan kai. Mai fetur kuwa, mu ɗauka lita naira 950 ce, zai kashe 11,400. Ka ga mai lantarki ya rage fiye da rabi.

To amma tasha mai sauri ba za ta sayar a farashin gida ba. Mai ita ya sayi caja da dala, ya sa taransifoma, yana biyan ma'aikata da haya. Raba 11,400 gida 25, za ka samu 456. Ma'ana, a wannan lissafin, duk ranar da tasha ta sayar da yunit sama da naira 456, fetur ya fi araha. Idan kuma da janaretan dizal take aiki, lita ɗaya yunit 3 ko ɗan fiye take bayarwa. Mu ɗauka litar naira 1,200 ce, kuɗin mai kaɗai ya kai 400 a kowane yunit, ba a yi maganar riba ba. Sai ya zama ana ƙona dizal don a tuƙa motar da aka saya don gudun mai.

Wannan ne ya sa a duk duniya masu motocin lantarki suka fi yin caji a gida ko wurin aiki, su bar mai sauri sai ranar tafiya. Farashin fetur da na wuta suna canzawa, amma hanyar lissafin ba ta canzawa. Sa farashin yau ka buga a wayarka.

Ƙorafi na shida: layi da wurin zama

Famfon gidan mai yana sallamar mota cikin minti biyar. Caja mai sauri minti 30 zuwa 40. Ka ɗauka lokacin bikin kamun kifi na Argungu ne, motoci 10 sun iso tasha mai baki biyu, kowace na buƙatar minti 40. Biyun ƙarshe sai sun jira awa biyu da minti 40 kafin ma su fara. Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa.

Saboda haka masu motoci suka fi son tasha mai bakuna da yawa masu matsakaicin ƙarfi a kan mai baki ɗaya da ƙatuwar lamba. In ɗaya ya lalace akwai saura. Kuma tunda zama ya zama dole, suna duba ko akwai inuwa, da bayi, da wurin sallah, da mai abinci, da haske da mai gadi da dare. Wanda zai yi tafiya da iyali wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Daga ina wutar za ta fito?

Mu dawo kan darasin Sakkwato. Taransifomar unguwa yawanci kVA 300 ce ko 500. Caja ɗaya mai kilowat 150 za ta cinye rabin ta 300. Huɗu in suka tashi tare, kilowat 600 ke nan, sun fi ƙarfin ta 500 da ke riƙe da unguwa guda. Don haka tasha mai sauri sai da taransifomarta, a kan babban layi.

Birnin Kebbi na da sa'a ta wani ɓangaren. Babban layin wuta mai kV 330 daga madatsar Kainji nan yake sauka, daga nan ake tura wa Sakkwato, har da Yamai a Jamhuriyar Nijar. Amma ba mu manta da watan Satumba na 2023 ba, lokacin da gobara ta ƙone manyan taransifoma biyu a tashar wutar Birnin Kebbi, sassan Kebbi da Sakkwato da Zamfara suka shiga duhu. Ko Band A ɗin ma alƙawarin awa 20 ne a rana. Mai fetur yana iya ajiye jarka. Mai lantarki jarkarsa ita ce batirin tasha.

Idan aka ce sola, ga lissafin. Motoci 20 a rana, kowace yunit 40, yunit 800 ke nan. A yankinmu faifan sola na kilowat 1 yana ba da wajen yunit 5 a rana. Ana buƙatar kilowat 160, wato faifai 320 masu wat 500, da manyan baturan da za su riƙe wutar don dare. Abu ne mai yiwuwa, rana dai ba mu rasa ta ba, amma jari ne babba. Duk wanda ya nuna maka faifai 20 a kan rumfa ya ce tasha mai sauri ce mai aiki da rana zalla, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Yadda Habasha ta yi

A Afirka, Habasha ce ta fi kowa zafin nama. A farkon 2024 ta hana shigo da motocin hawa masu amfani da fetur da dizal. Ta yi hakan ne saboda wutarta daga madatsun ruwa take fitowa kuma tana da araha, mai kuwa da kuɗin waje take sayo shi. A watan Fabrairu na 2025 aka buɗe babbar tasha a Addis Ababa mai ɗaukar motoci 32 a lokaci guda, wasu cajojinta suna kaiwa kilowat 600.

Abin lura shi ne wanda ya gina ta: Ethio telecom, kamfanin layin waya, kuma ta manhajarsa ta telebirr ake biya. Kamfanin da ya saba riƙe dubban turakun sabis da wuta dare da rana, ya kuma saba karɓar ƙananan kuɗi ta waya, ya riga ya iya rabin aikin. Duk da haka, masu motoci a can babban kukansu shi ne da zarar ka bar babban birni wurin caji ya yi wuya. Tasha ɗaya, komai girmanta, ba ta kai mutum ƙauyensu.

Me ya fi dacewa da mu?

An ce Kona tana yin kilomita 482 da caji ɗaya. Ko ka rage mata saboda zafi da gudu, za ta je Sakkwato ta dawo. Argungu kuwa, mai nisan kilomita 50 da 'yan kai, sai ta yi sawu uku. Wanda ke da cajar bango a gida da wuta mai ɗan tsayawa, ba ya buƙatar tasha mai sauri don zirga-zirgar yau da kullum. Inda zai neme ta ido rufe shi ne hanyar Abuja, mai sama da kilomita 600. A wurinsa, caja mai kilowat 60 da ke aiki kullum a Yawuri ko Kontagora ta fi mai 300 da aka kafa a tsakiyar gari don hoto.

Sannan yawancin matasanmu ba mota suke hawa ba, kabu-kabu ne da Keke Napep. Su hanyarsu daban ce, kuma ta fi sauƙi. Batirin babur yawanci bai wuce yunit 4 ko 5 ba, don haka maimakon jira, musanya shi ake yi: ka ba da wanda ya ƙare, a ba ka cikakke, cikin 'yan mintuna ka wuce. Kamfanin Spiro yana yin haka a Benin da Togo. A Kano, a 2024, matan ƙungiyar Mata Zalla sun fara tuƙa Adaidaita Sahu masu lantarki da irin wannan tsarin. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mai da ƙananan bas na haya su koma lantarki. Shagon musanya batir ana iya riƙe shi da sola matsakaiciya, domin a hankali ake cajin baturan. In ka duba da kyau, sana'ar mai cajin wayar Nasarawa ce ta girma.

Kafin ka yaba, tambayi waɗannan

Duk ranar da ka ga sanarwar sabuwar tasha mai sauri, a Birnin Kebbi ne ko Argungu ko wani gari, ajiye lambar da ke allo a gefe ka nemi amsar waɗannan:

1. Bakuna nawa ne, kuma waɗanne iri?
2. In motoci biyu suka haɗu, kilowat nawa kowace ke samu?
3. In NEPA ta ɗauke, me ke riƙe tashar, kuma awa nawa?
4. In sabis ya ɗauke, ana iya biya ta wata hanya cajar ta tashi?
5. Nawa ne yunit, kuma an rubuta shi a fili?
6. In ta lalace, mai gyaran a garin yake ko sai an kira shi daga Legas?

Tambaya ta shida ku riƙe ta da kyau, ku da ke gyaran waya, da masu haɗa sola, da masu koyon rubuta manhaja. Cajar nan kwamfuta ce da inbata da layin intanet a cikin akwati ɗaya, duk abubuwan da hannunku ya saba da ƙanananta. Kamfani na iya sayo ta daga Sin cikin wata guda, amma wanda zai tashe ta ranar da ta mutu da azahar ɗin watan Afrilu, dole ya zama ɗan gari.

Mu haɗu a rubutu na gaba, inda za mu duba yadda ake gane lafiyar batirin motar lantarki ta hannu kafin a biya kuɗi.